Ƙosai Zuwa Kurfi

"Ida karantawa tukuna," in ji Inna Rekiya. "Bilya ba ya mutuwa don ɗan jira."

Bilya mai mashin yana tsaye a kanmu ya miƙo hannu, mashin ɗinsa na ta ƙugi a bakin kwalbati. Ƙosansa na cikin matsami mai na ɗiga, ni kuma ina riƙe da takardar da za a naɗe masa.

"Haba Inna, fasinja na jirana. Wai makaranta aka buɗe nan ko wurin ƙosai?"

"Duka biyun. In ka gaji ka tafi wurin masu leda su ba ka ƙosai mai gumi."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da karatu, ƙasa-ƙasa yadda Bilya ba zai ji tuntuɓen da nake yi ba. Da na kai ƙarshe na juya bayan takardar, shi ma na karanta. Sannan Inna ta karɓa, ta murɗe ta, ta zuba ƙosai, ta barbaɗa yaji, ta miƙa masa.

"To, tafi da ita. Dama yau Malama ta cika surutu."

Katangarmu ɗaya da Inna Rekiya a Dutsin-Ma. Tun kafin a haife ni take suya a bakin layinmu, ita kaɗai a ɗan gidanta mai ɗaki ɗaya da rumfa. Ba ta da miji, ba ta da ɗa a raye. Da ƙarfinta ya fara raguwa sai Ummanmu ta ce in riƙa fita ina kama mata, tun da ba abin da nake yi a gida ban da wanke-wanke. Sunana Fiddausi. Karatuna a firamare ya tsaya. Turanci ban iya ba, Hausa kuwa ina haɗa baƙi a hankali, da yatsa a kan layi.

Inna ba ta zuba ƙosai a leda. Ta ce leda na sa shi laushi kamar tsumma. Takarda take saye wurin ɗaliban jami'a in za su tafi hutu, buhu guda, ta jibge a rumfa. Yawanci Turanci ne da zane-zanen lissafi. Wata rana ina ware su na ci karo da wani littafin Hausa mai kauri. Ba bango, ba farko, don haka har yau ban san sunansa ba, ban san sunan wadda ta rubuta ba. Na dai san mace ce, don ta ba da labarin haihuwarta ta fari. Yawo ta yi tana tambayar mata, malaman makaranta da manoma da ungozomomi da masu sana'ar cikin gida, me suke ganin rayuwa take nufi, me ya sa suka zaɓi abin da suka zaɓa. In sun gama sai ita ma ta faɗi nata tunanin.

Ranar da Inna ta kama ni leɓena na motsi, ta ce, "Ke da wa kike magana?"

"Ba kowa, Inna. Littafi ne."

"To ɗaga murya mu ji tare. Ni ma na biya kuɗin buhun."

Daga ranar ta kafa doka. Ba takardar littafin nan da za ta naɗe ƙosai sai an ji abin da ke cikinta, gaba da baya. Na roƙe ta ta bar shi a ajiye, ta ƙi.

"Don naɗi na saye shi. Abin da ya shiga kunne ai ya shiga."

Haka littafin ya riƙa ramewa a hannunmu, kullum da safe kaɗan na tafiya cikin gari da maiƙo. Inna ta raɗa wa marubuciyar suna Malama, kuma ba ta taɓa barinta ta gama magana lafiya ba. Da Malama ta ce ya kamata kowace mace ta samu wani ɗan lokaci a yini wanda ba na kowa ba ne sai nata, Inna ta yi tsaki.

"Ta zo ta tashi bugun ƙullu da asuba, za ta samu. Ba mai ƙwace mata shi."

Da muka zo kan wata manomiya da ta ce tun da take ba a taɓa tambayarta abin da take so ba, ranar da aka tambaye ta kuma sai ta rasa amsa, Inna ta juyo ta dube ni da matsami a hannu.

"Ke fa, ɗiyar nan, me kike so?"

Na kama wasa da bakin hijabina.

"To ki nemo amsa kafin wani shi ba ki tashi."

A tsakiyar damina ƙafafunta suka fara kumbura. Da farko ta ce zama ne. Daga baya takalmi ya daina shiga, sai in ɗauko mata kujera in ɗora ƙafar a kan bokiti. A cikin kwanakin ne muka zo kan takardar da ta sa ƙosai ya ƙone. Labarin wasu mata biyu ne da suka tashi tare, ɗaya ta bar garinsu, ɗaya ta zauna, suka daina magana. Malama ta rubuta cewa wadda ta tashi ba ta fi wadda ta zauna ƙarfin zuciya ba, wadda ta zauna kuma ba ta fi wadda ta tashi mutunci ba. Ta ce kowace a cikinsu in ta dubi 'yar'uwarta tana ganin rayuwar da ita ba ta yi ba, shi ya sa suke jin haushin juna.

Na gama na miƙa takardar, Inna ba ta karɓa ba. Tana kallon kasko, ƙosai na yin baƙi a gabanta. Ban taɓa ganin haka ba. Ni na karɓi matsami na kwashe.

"Maimaita," in ji ta.

Na maimaita.

"Farkon ta yi gaskiya. Ƙarshen kau ƙarya take. Wane haushi? Ni ban ji haushin Batula ba. Kullum na sa ƙullu a mai sai na ji kamar in waiwaya in ba ta na farko ta ɗanɗana."

Ta ninke takardar ta soke a ƙugun zanenta. Ita kaɗai ce ta tsira daga naɗi a ranar.

Da muka tashi muna wanke kasko ta ba ni labari, ba ta dube ni ba. 'Yar Kurfi ce. Batula ƙawarta ce tun suna talla, irin ƙawancen da ake ƙullawa da goro iyaye su shaida. Shekara ɗaya aka yi masu aure, layi ɗaya suka zauna. Da mijin Inna ya rasu, ɗansu ɗaya ma ya bi shi, ta gama takaba, manema suka fito, ta ce ita ta gama. Ba wanda ya yi mata laifi. Ta ce kawai tana so ta ji yadda ake kwana a tashi ba a jira izinin kowa ba. 'Yan'uwa suka yi ta magana, ta toshe kunne. Sai a wani gidan suna, cikin mata, aka tsokani Batula da zancen, ta ce ita ba ta da ƙawa mai zaman kanta.

"Ni kuma bakina ba ya ajiya," in ji Inna. "Na ce mata gara ni da ita da aka kife kamar tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Kin ji abin da na ce ma Batula, gaban mutane. Da ana maida magana cikin baki da tuni na maida wannan."

Kafin sati ya zagayo ta ɗaure kayanta ta hau mota zuwa Dutsin-Ma. Fiye da shekara talatin ke nan. Kurfi kuwa ba nisa, mota na zuwa ta dawo kafin azahar.

"Ba ki taɓa komawa ba, Inna?"

"Na je gaisuwar mutuwa, na je biki. In na shiga ta ƙofa ita ta fita ta wata. Ko ni in fita."

Kumburin ya hau har ciki. Umma ta kai ta asibiti, ta kwana biyu, aka ba ta magani aka ce ta dawo gida ta huta. Likitan ya ja Umma gefe ya yi mata magana, da suka dawo Umma ba ta ci abinci ba. Kasko ya koma rumfa aka kife shi. Masu mashin suka yi ta tsayawa suna tambaya, daga baya suka saba wucewa. Ni dai kullum da hantsi ina shiga in share mata ɗaki in karanta mata abin da ya samu. Takardun da aka karanta sai na riƙa tara su a gefen katifa, tun da ba abin naɗewa.

Wata safiya, gyaɗa ta fara shigowa kasuwa, na ji tana buga katanga da muciya. Na shiga na iske ta zaune a bakin murhu, numfashinta na fita da ƙyar. Ashe tun jiya ta jiƙa wake ta aika markaɗe ba mu sani ba.

"Inna, me kike yi haka?"

"Hura mani wuta. Kurfi za ki."

Ni ko kasuwar garinmu ba na shiga ni kaɗai. Na ce ko a nemo lambar wani a gidan a kira ta a waya.

"Maganar shekara talatin a waya? Ta ce ba ta ji, ta miƙa ma jika? A'a. Ki kai mata ƙosai, ki zauna gabanta ki karanta mata takardar nan. Ni ban iya jera magana kamar Malama ba. In ta ji, za ta zo."

Umma ta leƙo ta katanga ta ji komai. Ta daɗe tana kallon Inna, sannan ta ce mani, "Je ki sa hijabinki mai kyau. Ki tabbata kin baro can kafin la'asar, kin san ba a bin hanyar nan da yamma yanzu."

Ni na buga ƙullun, amma Inna ba ta yarda na sa a mai ba. Tana haki, duk da haka ƙosan ya fito kamar kullum, ya kumbura ya yi ja. Ta zaro takardar daga ƙarƙashin matashi, ta haɗa da wasu daga cikin tarin, ta ɗora a cinya. Umma ta kira ni in karɓi kuɗin mota. Da na dawo har ta gama naɗewa ta ƙulle a wani ɗankwali.

"Komai na ciki," in ji ta. "Gidan mijinta marigayi Malam Mamuda, bayan masallacin Juma'a. Ki ce Batula ta Rekiya. Tsofaffi sun sani."

A mota aka matse ni tsakanin wata mai goyo da buhun masara. Ƙunshin na kan cinyata, ɗuminsa na ratsa zane. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama. Duk hanya ina maimaita sallamar da zan yi.

Wani tsoho mai sayar da goro na tambaya. Da na ce Batula ta Rekiya sai ya ɗago ya dube ni da kyau.

"Ikon Allah. Rabon da in ji an faɗi haka an daɗe." Ya nuna mani zauren.

Matar ɗan Baba Batula, Hasana, ita ta amsa sallama ta shigar da ni. Baba Batula na zaune a gindin bishiyar darbejiya tana tsinkar gyaɗa daga ganye, doguwa, siririya, idonta tas. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce, "Ɗiyar wa?"

"Daga Dutsin-Ma nake, Baba. Inna Rekiya ta aiko ni."

Hannunta ya tsaya a cikin ganyen.

"Ashe tana nan."

"Tana nan, amma ba ta da lafiya. Ta ce in kawo maki wannan, in kuma karanta maki wata takarda."

Hasana ta kira sauran matan gidan, wai an zo da saƙo daga birni. Kafin in kwance ɗankwalin sun kewaye ni da 'ya'yansu. Na buɗe takarda ta farko, ba ita ba ce. Ta biyu ma haka. Sai da na kai ta can ciki, wadda ta rungumi ƙosan, na gane ninkinta. Mai ya jiƙa ta sharkaf. Ta zama kamar gilashi, rubutun baya ya fito ya hau na gaba, baƙi a kan baƙi, yaji ya manne a tsakiya. Na ɗaga ta sama, na karkata, na sa yatsa. Ko kalma ɗaya ban iya cirewa ba.

"To malama, muna saurare," in ji Hasana tana dariya. "Ko sai an kawo maki allo?"

Idona ya cika da ƙwalla. Na ji kamar in ajiye in ruga. Amma na tuna yadda na baro Inna a bakin murhu tana neman numfashi.

"Takardar ta ɓaci, Baba. Amma na riƙe abin da ke ciki."

"To faɗi."

Na rufe ido. "Malama ta ce..."

"Wace Malama kuma?"

"Ta cikin littafi. Ba mu san sunanta ba. Inna ke ce mata haka."

"Rekiya ce da littafi? Rekiyar da ko alif ta gagare ta?"

"Ni ke karanta mata, ita tana musu."

"Wannan kau ita ce," in ji Baba Batula. Matan suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Na fara. Na faɗi labarin mata biyun. Na ce wadda ta tashi ba ta fi wadda ta zauna ƙarfin zuciya ba, wadda ta zauna ba ta fi wadda ta tashi mutunci ba. Na faɗi zancen haushi. Daga nan sai na kasa raba maganar Malama da ta Inna, don tare suka shiga kunnena. Na ce Inna ta ce nan Malama ƙarya take, ba haushi ba ne. Na faɗi yadda kullum in ta sa ƙullu a mai take jin kamar ta waiwaya ta ba Batula na farko. Na ce ranar da ta ji takardar nan ƙosai ya ƙone a gabanta.

Na buɗe ido. Baba Batula ta dubi matan ta ce, "Ba ku da aiki ne?" Suka watse.

"Ta gaya maki abin da ta kira ni?"

"Ta gaya mani. Ta ce da ana maida magana cikin baki da ta maida."

"Tukunya." Ta girgiza kai. "Ita tana can tana zaton tukunya ce ta riƙe ni. Ni ma ai na faɗi tawa, wadda ta fi tata muni. Ba wannan ba ne, ɗiyar nan. Kwana kaɗan bayan sunan na dama kunu na ɗauka da kaina, na ce in je mu shirya. Na iske ɗaki a buɗe, ko tsintsiya ba ta bari ba. Kowa a layin ya san ta tafi, ban da ni. Na tsaya da kwanon kunu a hannu yara na kallona. Ita Malamar taku ta rubuta wannan?"

"A'a, Baba."

"To ba ta san komai ba."

Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙosai ɗaya. Ya huce, ya yi sanyi. Ta gutsira ta daɗe tana taunawa, tana kallon katanga.

"Albasa ta yi yawa. Tun muna yara nake gaya mata."

Ta cinye, ta ɗauki wani.

"Ki ce mata ina nan tafe jibi. Usaini ɗana ya tafi Katsina, sai ya dawo. Ga gyaɗar nan kuma in an bar ta ruwa shi taɓa ta."

Ban san inda na samu bakin ba. Na ji kaina ina cewa, "Baba, ban ga alamar tana da jibi ba."

Ta zuba mani ido. "Ke ce Allah?"

"A'a, Baba. Ki yi haƙuri."

Ta kakkaɓe ɗankwalin Inna, ta cika shi da ɗanyar gyaɗa da ƙasarta, ta ƙulle da ƙarfi. Takardar mai maiƙon kuwa ta ajiye ta ƙarƙashin tabarma. Hasana ta raka ni tasha.

Na iske Inna kwance, Umma na yi mata fifita. Tun daga ƙofa ta fara tambaya.

"Kin gan ta? Ta tsufa? Ta ci?"

"Ta ci biyu a gabana."

"Me ta ce?"

"Ta ce albasa ta yi yawa."

Inna ta fara dariya, dariyar ta zama tari, sai da Umma ta tallafe ta. Da ta lafa hawaye na bin kuncinta.

"Ja'ira. Ba ta canza ba. Kin karanta mata?"

Na ce mai ya ɓata takardar, da ka na faɗa mata.

"Mai na ɓata rubutu?" Ta yi mamaki da gaske. Shekarunta duka tana naɗe ƙosai, ba ta taɓa buƙatar takarda bayan ta sha mai ba. "Ni kau da gangan na sa ta daga ciki, don ta fi kusa."

Na gaya mata zancen kunu. Ta ɗaga ido tana kallon rufin ɗaki.

"Ban sani ba," in ji ta. "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka in na je sallama za ta juya mani baya, ni kuma ba zan iya ɗauka ba."

Na kwance ɗankwalin. Ta ɗauki gyaɗa ɗaya, ba ta ɓare ba, ta kai hanci tana shaƙar ƙasar da ke jiki.

"Ta ce jibi, Inna."

"Gobe za ta zo. Batula ba ta iya jiran jibi ba. Ku jawo mani katifar nan bakin ƙofa."

Muka jawo ta inda za ta riƙa hango zaure. Kafin magariba ta ce in karanta mata. Na karanta takarda guda, gaba da baya, wata ungozoma na bayanin abin da ya sa ba ta bar aikinta ba duk da tsufa. Na jira Inna ta ce ƙarya ne ko gaskiya ne. Hankalinta na kan zaure. Duk mashin da ya rage gudu a layin sai ta ɗaga kai.

Umma ce ta kwana da ita. Da safe na shiga da ruwan zafi na iske ta farka, muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce a goge mata fuska. Ta ce a sa mata kwalli, a ɗauko ɗankwalinta na Sallah, kada Batula ta zo ta ce ta lalace a Dutsin-Ma. Na sa mata kwallin. Umma ta ɗaga kan Inna tana ɗaura mata ɗankwalin.

"Motar farko ta iso?" in ji Inna.

"Yanzu dai, Yaya," in ji Umma.

Umma ba ta gama ɗaurin ba ta tsaya. Ta kira sunanta, ta sake kira. Sannan ta fara salati a hankali, ta sa tafin hannu ta rufe mata ido.

Kafin hantsi ya ɗaga gidan ya cika. Maza suka shimfiɗa tabarmi a bakin layi, daidai inda take suya, wasu suka tafi maƙabarta. Mata suka cika rumfa. Aka ce in ɗora ruwa, na ɗora a murhunta. Ana ta shawarar wadda za ta yi wanka, tun da ba ta da 'yar'uwa a garin, sai na ji mashin ya tsaya a ƙofa.

Baba Batula ta shigo da kwano a hannu, an ɗaure shi da ƙyalle. Ta ga takalma a bakin zaure, ta ga matan, ta ga tukunyar ruwa a wuta. Ba wanda ya gaya mata. Ta tsaya a tsakar gida, ta nemo ni da ido.

"Yaushe?"

"Ɗazu, Baba. Ta ce yau za ki zo. Har kwalli ta sa."

Ta sunkuya ta ajiye kwanon a gindin katanga, a hankali, kada kunun da ke ciki ya zube. Ta cire mayafinta ta ninke. Wata tsohuwa ta tambayi ko ita wace ce.

"Batula ce," in ji ta. "Ta Rekiya. Ni zan yi mata."

Ita da Umma suka shiga suka saki labule. Ni ina bakin ƙofa, ina miƙa ruwa in an nema. Ba na jin komai sai zubar ruwa da addu'a ƙasa-ƙasa. Can sai Baba Batula ta ɗaga gefen labulen.

"Wa ke mata kitso?"

"Tun da ta kwanta ba a yi ba."

"Samo mani mataji."

Na samo a kan taga na miƙa mata. Labulen bai koma daidai ba, ni kuma ban gyara ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora kan Inna a cinyarta. Ta warware tsohon kitson da yatsa, tana bi a hankali inda ya cukurkuɗe.

"Duk kin yi furfura, Rekiya," in ji ta, kamar mai faɗa. "Ba ki aiko an gaya mani ba."

Ta taje gashin ya kwanta. Ta sa bakin matajin ta tsaga shi uku, ta duba tsagar ba ta miƙe ba, ta goge ta sake. A waje maza sun fara tambaya ko an gama. Ba ta ɗago ba. Ta kama kashi na farko ta fara kitsawa.